Koyon Aikin Akanta a Wurin Aiki: Bayani Ga Ɗalibai da Iyayensu da Masu Ma'aikatu

Duk wanda ya san tarihin Jos ya san kuza ce ta kafa garin. Tun farkon ƙarni na 20, sa'ad da Turawan kamfani suka kafa sansani a Naraguta, mutane suka yi ta kwararowa daga ƙasar Kano da Katsina da Zazzau da Bauchi da Barno domin aikin haƙar kuza. Da yawansu suka zauna a unguwanni irin su Gangare, inda har yau jikokinsu suke. A wancan zamani, in ranar biya ta zo, lebura yakan tsaya a layi, akawu kuwa yana zaune da littafi a gabansa. Shi ke faɗin nauyin kuzar da aka auna, shi ke faɗin abin da za a biya, lebura kuwa ba shi da hanyar sanin ko lissafin ya yi daidai. Yawancin akawunan nan mutanen Kudu ne, domin su suka riga samun ilmin boko.

Yau jikan wannan lebura yana iya zama a kan teburin akawu, har ya wuce nan ya zama akanta ko mai binciken kuɗi. Ga Jami'ar Jos, wadda ta fara a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan, ta tsaya da ƙafarta a 1975. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha a Barikin Ladi. Bugu da ƙari, biyu daga cikin manyan hukumomin da ke kula da horon ma'aikata da na akantoci a duk faɗin Nijeriya a ƙofar gidan ɗan Gangare suke: hedkwatar Asusun Horar da Ma'aikata, watau ITF, tana kan titin Miango a cikin Jos, Kwalejin Horon Akantoci ta Nijeriya kuma tana Kwall, a Ƙaramar Hukumar Bassa. Duk da haka, kowace shekara ɗalibai masu yawa, a Jos da sauran garuruwa, sukan gama karatun akanta da takardar shaida mai kyau, amma in an ajiye musu littafin kuɗin ƙaramin kanti sai su rasa ta inda za su fara. An rubuta wannan ɗan littafi domin a bayyana dalilin haka, da kuma hanyoyin da aka tanada don magance shi.

ABIN DA AJI BA YA KOYARWA

Ba a taɓa jin tela ya ƙware da kallon allo ba. Yakan zauna wurin maigidansa ya fara da sa maɓalli da dauri, kafin a amince masa da yanka shadda. Aikin akanta ma sana'a ce irin wannan, sai dai kayan aikinta alƙaluma ne da takardu. Tushen ilmin ba shi da yawa, kuma tsoho ne: kowane kuɗi da ya motsa sai a rubuta shi sau biyu, inda ya fito da inda ya shiga, ta yadda ɓangarorin biyu za su yi daidai. Wani malamin lissafi ɗan Italiya, Luka Paciyoli, ya bayyana wannan hanya a littafin da ya buga tun 1494, fatake kuwa sun riga shi aiki da ita. Ɗalibi mai ƙwazo yana iya fahimtar ƙa'idar a zango ɗaya.

Wahalar tana wurin aiki da ita. A aji, malami yakan kawo tambaya a shirye, da alƙaluma cikakku, an kuma san tana da amsa. A ofis kuwa rasit ya ɓace, direba ya karɓi kuɗin mai bai kawo takarda ba, mai sito ya ce buhu 200 ne a ajiye, littafi ya ce 212. Babu wanda zai gaya wa akanta inda kuskuren yake. Shi ne zai bi sawu.

Magabata sun gane haka. Makarantar da aka buɗe a Zariya a 1947 don horar da akawuna, wadda daga baya ta zama Cibiyar Nazarin Harkokin Mulki ta Kongo a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ma'aikatan En'e aka riƙa aika mata. Mutum ya riga ya zauna a baitulmali ƙarƙashin Ma'aji, ya ga yadda haraji da jangali ke shigowa, sa'an nan ya je kwas, ya komo kan teburinsa. Karatu da aiki tare suke tafiya. Da makarantu suka yawaita, sai abin ya juye: yaro ya fito daga sakandare ya shiga jami'a, ya gama, bai taɓa riƙe bauca a hannunsa ba.

SHIRIN DA GWAMNATI TA KAFA

A shekarar 1971 Gwamnatin Tarayya ta kafa Asusun Horar da Ma'aikata bisa dokar soja mai lamba 47. Lokacin ƙasa ta fito daga yaƙin basasa, ana kuma shirin mayar da kamfanonin baƙi hannun 'yan ƙasa, ga shi kuwa ƙwararrun da za su riƙe su ba su da yawa. Doka ta wajabta wa ma'aikatun da suka kai wani girma su riƙa biyan wani kaso na jimlar albashin ma'aikatansu cikin asusun, wanda yanzu kashi 1 ne cikin 100, kuma ma'aikatar da ta horar da mutanenta bisa ƙa'ida akan mayar mata da wani ɓangare na abin da ta biya.

Masu masana'antu sun daɗe suna kukan cewa waɗanda makarantu ke yayewa ba su san aiki ba. Saboda haka a 1973 hukumar ta fito da shirin tura ɗalibai masana'antu su koyi aiki tun suna makaranta, wanda ake kira SIWES a taƙaice, ɗalibai kuwa suna ce masa IT. Da makarantu 11 aka fara, kuma ɗaliban injiniya da fasaha aka fi nufi da farko. Nauyin kuɗin ya yi wa hukumar yawa, sai a 1979 aka miƙa shirin ga hukumar kula da jami'o'i da ta kula da ilmin fasaha, kafin a mayar mata da shi a 1984. Tun daga nan fannonin da shirin ya ƙunsa suka yi ta ƙaruwa.

Ɗalibin akanta ya kamata ya lura da wani abu a nan. Ba dukan makarantu ne ke tura ɗaliban wannan fanni ƙarƙashin shirin ba, don haka tun a shekarar farko ya je ofishin da ke kula da shirin a makarantarsa ya tambayi matsayin sashensa. Inda ake turawa, ɗan ƙaramar difloma yakan yi wata huɗu bayan shekarar farko, ɗan jami'a kuwa galibi wata shida. Inda ba a turawa, dogon hutu yana nan, babu kuma dokar da ta hana ɗalibi neman wuri da kansa. Amma akwai wani lokaci da babu makawa daga gare shi: wanda ya gama ƙaramar difloma, tilas ya yi shekara ɗaya yana koyon aiki kafin a ɗauke shi karatun babbar difloma. A ganinmu wannan shekara ita ce mafi daraja a dukan karatun ɗalibin kwalejin fasaha, ita ce kuma aka fi yin wasa da ita.

INA ZA A NEMI WURI?

Kowa banki yake so, ko babban kamfani mai kwandishan. A Jos akan yi rububin reshen Babban Bankin Nijeriya, da kamfanin NASCO wanda aka kafa tun 1963, da Grand Cereals a wajen Bukuru, da asibitin koyarwa na jami'a, da ma'aikatar kuɗi ta jiha. Duk wurare ne masu kyau, wanda ya samu ya riƙe da kyau. Sai dai guraben kaɗan ne, masu nema kuwa dubbai. Kuma girman wuri ba shi ke nuna yawan abin da za a koya ba. A babbar ma'aikata aiki a rarrabe yake, ana iya ajiye ɗalibi a teburi ɗaya wata shida yana jera fayil.

Wurin da ya fi koyarwa, in an samu, shi ne ofishin masu binciken kuɗi, watau odita masu zaman kansu, ko da ƙarami ne mai ɗaki biyu. Dalili kuwa shi ne, irin wannan ofis yana duba littattafan ma'aikatu iri iri. Wannan wata a tafi da ɗalibi makaranta mai zaman kanta, wata mai zuwa gidan mai, na gaba ƙungiyar gama kai ta manoman dankalin Turawa. Cikin shekara ɗaya sai ya ga lissafi kala goma, ya ga mai kyau, ya ga wanda aka yi wa aika-aika. Bayan wannan sai sashen kuɗi na ƙaramar hukuma, da ofishin ma'ajin makaranta, da bankunan ƙananan 'yan kasuwa.

Kada kuma a raina kasuwa. Dillalin kayan gwari a Farin Gada, ko mai sayar da kayan mota a Dilimi, ko babban ɗan hatsi a Katako, kuɗin da ke ratsa hannunsa a wata ya fi na wasu ofisoshi, amma sau da yawa lissafinsa a ka yake, ko a littafin makaranta mai shafi 60. Gobarar da ta cinye babbar kasuwar Jos ta Taminus a 2002 ta nuna haɗarin ajiye dukiya da lissafinta a wuri guda, domin wanda littafin bashinsa ya ƙone tare da kayansa ya yi asara biyu. Ɗalibin da ya tsara wa irin wannan ɗan kasuwa littafin shiga da fitar kuɗi, da na masu bashi, da na kaya, ya yi aikin akanta na gaskiya. Sharaɗi ɗaya ne: in lokacin da makaranta ke ƙidayawa ne, sai ta amince da wurin tukuna, kuma ya zamana akwai wanda ya san aikin da zai riƙa duba shi.

A fara nema da wuri, aƙalla wata uku kafin lokaci. A karɓi wasiƙar gabatarwa daga makaranta, a kai ta da hannu, a koma a tambaya.

ABIN DA ZA A FITO DA SHI

Makon farko za a aike shi. Zai kai takarda, zai yi hoton takarda, mai yiwuwa ma ya sayo wa na gaba da shi abinci. Wannan ba abin fushi ba ne, kowane ɗan koyo ta nan ya bi. Abin tsoro shi ne wata uku su wuce bai tashi daga nan ba. Maganinsa kuwa tambaya. Ya riƙa zuwa kafin kowa, in ya ga ana aikin ƙarshen wata ya roƙa a ba shi wani ɓangare.

Abu na farko da ya kamata ya bi shi ne tafiyar bauca, daga lokacin da aka nemi a sayi kaya har zuwa lokacin da aka biya. Wa ya nema? Wa ya amince? Wa ya karɓi kayan a sito ya sa hannu? Wa ya biya? Zai lura cewa a ma'aikata mai tsari, ba mutum ɗaya ke yin waɗannan duka ba, kuma da gangan aka raba su, don kada wanda ya rubuta takarda ya zama shi ne mai biyan kansa. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin aikin odita.

Na biyu shi ne daidaita littafin ma'aikata da takardar banki, aikin da ake yi kowane ƙarshen wata. Ga misali. A ce littafin ma'aikata ya nuna saura Naira 850,000, takardar banki kuwa ta nuna Naira 912,500. Bambancin Naira 62,500 ne, kuma in ɗalibi ya duba ba zai sami wani ciniki mai wannan adadi ba. Sai ya ɗauki fensir ya bi layi layi, yana yi wa duk abin da ya bayyana a wuri biyu alama. Daga ƙarshe abu biyu za su rage. An rubuta wa mai kawo kaya cek na Naira 70,000, an cire a littafi, amma mutumin bai kai shi banki ba tukuna. Banki kuma ya cire ladan aikinsa Naira 7,500, ma'aikata ba ta rubuta ba. In an cire 7,500 daga littafi, aka cire 70,000 daga na banki, kowanne zai tsaya a Naira 842,500, wannan ne ainihin abin da ma'aikata ta mallaka. Manajan da ya dogara da takardar banki kaɗai zai kashe kuɗin da ba nasa ba ne. Tsofaffin akawuna suna da wata dabara da ba kasafai ake koyarwa a aji ba: in bambanci ya rabu da 9 ba saura, a fara zargin an juya alƙaluma, kamar a rubuta 450 maimakon 540. Irin wannan sani a bakin teburi ake tsintarsa.

Sai lissafin albashi da abin da ake cirewa na haraji da fansho, da ƙidayar kaya a sito, da harajin kayan masarufi, wanda aka ɗaga daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin 100 a 2020. Wanda ya sami ofishin gwamnatin tarayya zai ga yadda asusun bai ɗaya na baitulmali ke aiki, wanda aka tilasta wa dukan ma'aikatu a 2015. Kuma duk wannan yanzu a kwamfuta ake yinsa. Ɗalibin da ya gama koyon aiki bai iya Excel sosai ba, bai kuma taɓa shigar da lissafi a manhaja irin su Sage ko QuickBooks ba, ya bar babban abu a baya, domin wannan ce tambayar farko da mai ɗaukar aiki zai yi masa.

LITTAFIN RAHOTO DA MAGANAR AMANA

Ana ba kowane ɗalibi littafin da zai riƙa rubuta aikin da ya yi kullum. Mai kula da shi a wurin aiki yana sa hannu kowane mako, malami daga makaranta yana zuwa dubawa, in an gama kuma ɗalibi ya rubuta cikakken rahoto. A nan ne wata mummunar al'ada ta shigo, ba kuwa amfanin ɓoye ta. Wasu ɗalibai sukan sami wani ɗan'uwa ko abokin uba mai hatimin ofis, su yi zamansu a gida ko su shiga wata harka, ranar ƙarshe su kwafi littafin aboki, a buga musu hatimi. Iyaye da yawa sun san ana yi, wasu ma su ke nemo mai hatimin, suna ganin taimako ne.

A kowane fanni wannan asara ce, amma a fannin akanta ta fi muni. Dukan darajar akanta a sa hannunsa take. Banki yana ba da rance, gwamnati tana karɓar haraji, masu hannun jari suna zuba dukiyarsu, duk bisa yarda cewa abin da ya sa wa hannu gaskiya ne. Yaron da takardar farko da ya miƙa a sana'arsa ta ƙarya ce, da wane ido zai dubi mai sito in ya kama shi da irin wannan? Kuma asirin ba ya daɗewa. Minti goma na ganawar neman aiki sun isa a gane wanda ya zauna a ofis da wanda bai zauna ba.

Haka nan maganar riƙe sirri. Ɗalibi zai ga albashin mutanen da ya sani, zai ga bashin da ake bin attajirin unguwarsu. A wuri kamar Gangare, inda kowa ya san kowa, kalma ɗaya a majalisa ta isa ta rufe masa ƙofa, ta kuma rufe wa na bayansa. In aka ba shi takarda ya sa hannu a kan abin da bai gani ba, ya ba da haƙuri cikin ladabi, ya sanar da malaminsa.

BAYAN DIGIRI KO BABBAR DIFLOMA

Digiri ba ya mayar da mutum ƙwararren akanta a idon doka. Ƙungiyoyi biyu ne aka fi sani da wannan aiki. Ta farko ita ce ICAN, wadda dokar majalisa mai lamba 15 ta kafa a 1965. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai Akintola Williams, wanda ya ci jarrabawar ƙwarewa a Ingila a 1949, ya buɗe ofishinsa a Legas a 1952, ya rasu a 2023 yana da shekara 104. Jarrabawarta mataki uku ce, ana kuma yafe wa wanda ya karanta akanta a makarantar da ta amince da ita wasu darussa. Mai son lasisin buɗe ofishin kansa sai ya yi kimanin shekara uku yana aiki a ƙarƙashin ƙwararru. Akwai kuma jarrabawar ƙananan akantoci ta Afirka ta Yamma, ATSWA, wadda mai takardar sakandare zai iya shiga, ɗalibi kuma zai iya yinta yana makaranta, ta rage masa tafiya daga baya.

Ta biyu ita ce ANAN, wadda aka kafa a 1979, ta sami amincewar doka a 1993. Ita ce mai kwalejin Kwall da aka ambata. Mai digiri ko babbar difloma yakan shiga ya yi karatu ya ci jarrabawa, sa'an nan ya yi shekara biyu yana koyon aiki a ƙarƙashin ƙwararre kafin a rantsar da shi. Mai karatu zai lura cewa ko ta wace hanya aka bi, koyon aiki yana nan yana jira a gaba. Shekarar bautar ƙasa, wadda aka fara a 1973, ita ma dama ce: wanda aka tura koyarwa yana iya roƙon ma'ajin makarantar ya riƙa taya shi aiki bayan an tashi.

GA IYAYE DA MASU MA'AIKATU

Koyon aiki yana cin kuɗi. Alawus ɗin da ake ba ɗaliban da ke cikin shirin kaɗan ne, ba kowace ma'aikata ce kuma ke ƙara wani abu ba. Uban da ya biya kuɗin makaranta ya sa kuɗin motar waɗannan watanni cikin lissafinsa, ya kuma riƙa tambayar yaron abin da ya koya a makon. Game da 'ya'ya mata, sana'ar ta daɗe da buɗe musu ƙofa: Olutoyin Olakunri ta shugabanci ICAN a 1994, Zainab Shamsuna Ahmed kuwa, wadda ta karanta akanta a Jami'ar Ahmadu Bello, ta riƙe Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya daga 2018 zuwa 2023. In nisa ne damuwar iyaye, a nema wa yarinya wuri kusa da gida, a asibiti ko makaranta, maimakon a hana ta.

Masu ma'aikatu kuwa, roƙonmu shi ne su karɓi ɗalibai, in sun karɓa kuma su ba su aiki na gaske, su haɗa kowanne da ma'aikaci ɗaya da zai riƙa duba shi, kada kuma su sa hannu a littafin wanda bai zo ba. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi ofishin ITF mafi kusa da shi, domin hukumar tana da ofisoshi a jihohi, ko ofishin kula da koyon aiki na makarantar da ɗalibin yake.